Muryar da Kwamfuta Ta Ara Mini

Kowa ya fahimci siririyar murya a karkace, har da ni a farko. 'Yan matan da suke turo mini saƙo a waya, "Anti Zulai, don Allah wane haɗi kike sha?", sun ɗauka a kwalba ake sayar da ita. Samarin da suke zaman shagon caji a bakin tasha sun yanke hukunci cewa aikin kwamfuta ne, ko tunkiya aka kai sitidiyo za ta fito da zaƙi. Tsofaffi kuma sun ce baiwa ce, ko an haife ki da ita, ko ki haƙura ki koma gindin murhu. Duk ba haka ba ne. Sana'a ce, koyonta ake yi kamar ɗinki, kuma akwai hanyar da in kika bi za ki lalata kayan aikin gaba ɗaya. Ni na bi ta wannan hanyar, na yi makonni ko sallama ba na iya amsawa. Saboda haka ku karanta da kyau, don na gaji da amsa tambaya ɗaya kullum.

Sunana Zulai, 'yar Karaye ce, waƙar biki nake yi. Wuni, kamu, suna, duk inda mata suka taru. Tun ina sakandare nake bin wata mawaƙiya ta unguwarmu, ina yi mata amshi, ina riƙe mata jaka da filas ɗin ruwan ɗumi. A wurinta na koyi abubuwan da ba murya ba: yadda ake tambayar sunayen dangin amarya tun daga zaure, wace ce za a fara ambata, wace ce in kika manta da ita za ta kwashi mutanenta ta bar wurin kafin a raba abinci. Amma murya, da wadda Allah ya ba ni na shiga sana'ar, kuma mai kauri ce. A makaranta in na yi magana a bayan aji, malamin ajin gaba ne yake leƙowa. 'Yan ajinmu Tirela suke kirana.

Aikin farko da na kai Kano waƙar rakiyar amarya ce, ni na rubuta ta a bayan wani tsohon littafina na makaranta. Baitin da ya fi tsayi a cikinta shi ne inda nake cewa, "Juyo ki dubi ɗakin da kika tashi, tabarmarki na nan ba a naɗe ba." Mai sitidiyon, Sabi'u, ya saka ni a wani ɗan ɗaki da aka manna wa soso a bango, ya ɗora mini abin ji a kunne, na rera sau uku. Ya daɗe yana kallon kwamfutarsa yana taɓe baki.

"Malama Zulai, waƙa ta yi. Muryar ce dai ba ta kasuwa ba."

"Me ya same ta?"

"Ba komai. Amma in na sake ta a haka, cewa za a yi yayan ango ne yake rakiyar amarya. Tsaya ki ga."

Ya dafa linzamin kwamfutar, ya ja wani abu sama, ya ƙara ja, ya kunna. Sai na ji wata yarinya siririya, mai murya kamar sarewa, tana rera baitina.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana. Ko ba ki so?"

Ina so. Ba zan ɗora wa Sabi'u laifin shi kaɗai ba, da bakina na ce ya bar ta haka. Kafin a yi girbi masu tura waƙa a kasuwar Karaye sun cika wayoyin mutane da ita, ta tsallaka Rogo da ƙauyukanta. Waƙar tabarma ake ce mata. Aka fara kirana biki ta ko'ina. In na je, sai mai kayan sauti ya kunna waƙar, ni kuma in riƙe makirfo ina motsa baki ina taku. Ba wanda ya tambaya, ni ma ban faɗa ba.

Wani biki a ƙauyen Jajaye ne ya tona ni. Uwar bikin, Hajiya Ladidi, dillaliyar hatsi ce a kasuwar Rogo, irin wadda ba ta sayen buhu sai ta soka masa ƙarfe ta ga ƙwayar a tafin hannunta. Babbar 'yarta take aurarwa. Bayan azahar tsakar gida ta cika maƙil, mai kayan sauti yana jona waya, sai ta ɗaga masa hannu.

"Kai, kashe mana wannan akwatin. Mai waƙa na gayyato, ga ta a tsaye. Ga masu kiɗan ƙwarya nan, su kama mata."

Da ina da hankali, da na ce mura nake yi. Sai na ce a raina, ai waƙata ce, ni na rubuta. Na buɗe baki na saki Tirela.

Kafin in kai baiti na biyu masu tafi sun daina. Hajiya ta zaro wayarta daga lalita, ta kunna waƙar, ta taso ta kara wayar a gefen bakina. Yarinyar sarewa tana can sama, ni ina nan ƙasa ina gurnani.

"Wannan ita ce Zulai," in ji ta, tana nuna wayar. "Ke kuma wace ce?"

"Hajiya, wallahi ni ce."

"To ina kika baro muryar? A mota?"

Mata suka kwashe da dariya. Kafin la'asar ina kan babur, jakata a cinya. Kafin sati ya zagayo labari ya riga ni shiga kowane gida: wai muryar aro ce, wai akwai wata yarinya a Kano da nake ɓoyewa tana yi mini waƙa. Wata ma ta rantse ta ga yarinyar da idonta, har ta faɗi kalar hijabinta. Waɗanda suka kama mini rana suka fara bugowa suna cewa an ɗaga bikin. Ba a ɗaga komai ba, ni aka ɗaga. Waƙata tana tashi a kowace waya, ni kuwa ba mai yarda tawa ce.

Daga nan na yi wautar da nake so ku kiyaye. Na kulle kaina a ɗaki, in kunna waƙar, in bi yarinyar da ƙarfin tsiya. In ɗaga haɓa sama, in miƙe wuya, in matse maƙogwaro har jijiyoyi su fito, in tura sauti ta hanci. Tun safe har yamma. Duk haɗin da aka faɗa na sha: zuma da ɗanyen ƙwai, kanumfari, citta, masoro, man shanu a cokali. Wata ta ce tuwon dawa ne yake sa kaurin murya, na daina ci. Wata maƙwabciyarmu ta leƙa bakina ta ce belina ne ya yi tsawo, in wanzami ya yanke shi murya za ta sirance. Har na sa an kira wanzamin. Ummata ce ta tare shi a zaure.

"Wallahi aska ba za ta shiga bakin 'yata ba. Waƙa ce, ba farilla ba. Malam, ka yi haƙuri, an wahalar da kai."

Ta ceci belin, amma ba ta ceci muryar ba. Wata safiya na durƙusa zan gaishe ta, sai iska kawai ta fito. Likita ya leƙa ya ce wurin ya kumbura, in ban yi shiru na makonni ba abin zai iya zama na dindindin, kuma ko raɗa kar in yi. Da biro da takarda nake neman gishiri a gidanmu. 'Yan unguwa suka ce Tirela ta mutu a hanya. Da Umma ta gaji da masu zuwa dubiya da bakinsu cike da dariya, sai ta tura ni garin Fulatan wurin ƙanwarta, in huta.

Gidan a ƙarshen gari yake, bayansa fadama ce, a bakin fadamar kuma akwai ruga. Kullum da hantsi sai in ji wani kira yana tasowa daga can. Siriri ne, dogo, ba kalma a ciki, uuu ce kawai da take hawa, ta lanƙwasa, ta tsaya a sama kamar an rataye ta, sannan ta sauko. Ya fi yarinyar Sabi'u tsayi, kuma yana da nauyi, kina ji kin san daga jikin mutum ya fito. Na ɗauka wata budurwa ce. Ranar da muryata ta ɗan dawo, a dishe, na bi kiran.

Tsohuwa na tarar, Goggo Dudu, ƙwaryar nono a kanta. Tana kiran, bakinta ko buɗewa sosai bai yi ba, wuyanta sumul, ba jijiya ko ɗaya. Da ta amsa gaisuwata kuma sai na ji muryar maganarta ta fi tawa kauri.

"Goggo, wa kike kira haka?"

Ta nuna can ƙetaren fadama da baki, inda wani dattijo yake tsaye cikin shanu, ɗan mitsitsi saboda nisa. "Mai shanun can. Fura ta yi."

"To me ya sa ba ki kiran sunansa?"

"Ji 'yar Hausa! Tun ina yarinya ban taɓa kama sunansa ba, yau zan fara saboda ke? Ya san kirana. Shanun ma sun sani."

"Ba ku da waya?"

"Akwai, tana ɗaki tana hutawa. Sabis ba ya sauka fadama. Nawa yana sauka."

Ni ba na iya kewaye-kewaye. Na ce ta koya mini. Ta ce me za ta koya, kira ne kawai, amma in yi ta ji. Na ɗaga haɓa, na miƙe wuya, na matsa. Goggo ta yi dariya har sai da ta sauke ƙwaryarta ta zauna a kan turmi.

"Zakara ne malaminki?"

Ta shiga bukka ta fito da wata tsohuwar ƙwarya, ta cika ta da ruwa har baki, ta naɗa gammo ta ɗora mini. "Nono ba abin wasa ba ne, da ruwa za ki fara. Yi kuma."

Ina ɗaga haɓa ruwa ya kwararo mini ta baya har cikin zane. Ta sake cikawa. Ya sake zubewa. Ranar sau bakwai na jiƙe, ni na je rijiya na ɗebo na takwas.

Ku tsaya in yi muku bayani, don nan ne duk sirrin yake. Mai neman murya ta sama, jikinta yana gaya mata ƙarya cewa sai ta miƙa wuya za ta kamo ta, kamar mangwaro a reshe. Tana miƙawa maƙogwaro yake ƙullewa. Amma mai kaya a ka ba ta da ikon ɗaga haɓa, ba ta da ikon ɗaga kafaɗa, dole wuya ya tsaya daidai, dole numfashi ya sauka ciki. Goggo ba ta taɓa zama ta tsara wannan ba. Ita dai duk rayuwarta da ƙwarya a ka take kira, jikinta bai taɓa samun damar koyon kuskuren ba.

A sati na biyu ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, ta yi magana. Na ji ƙirjin yana rawa. Ta mayar da hannun tsakiyar kanta, ta yi kiran a hankali. Ƙirji shiru, ƙoƙon kai ne yake zizara a tafina.

"Rumbu biyu Allah ya ba kowa," in ji ta. "Ke na ƙasa kike ta ɗiba, kina so ya ba ki abin da ke cikin na sama. Ba ya ciki. Ki bar shi ya huta."

Ta hana ni ƙarfi. Ta ce in fara ƙanƙani, kamar ina lallashin ɗan maraƙi. Ni da na saba cika tsakar gida, aka mayar da ni ina uuu kamar sauro. Bayan kwanaki wani sauti ya fito, siriri, can sama, ba zafi a maƙogwaro. Na yi tsalle, ruwan ya zube, ban damu ba.

"Goggo, na samu!"

"Kin samu hayaƙi. Ina wutar?"

Gaskiyarta. Wannan ita ce nake kira muryar iska, kuma a nan yawancinku kuke tsayawa ku ce kun iya. Tana da tsayi, amma rabinta numfashi ne yake tsiyaya, kamar tayar da ta yi faci. A makirfo za ta yi daɗi, tana da amfaninta a baitin tausayi, har yau ina aiki da ita. Amma ba ta tsallake katanga, kuma numfashi uku ta ƙare. Muryar ka ta gaskiya tana da ƙarfe a cikinta. Yadda na same ta shi ne in rufe baki in yi mmm har leɓɓana da karan hancina su fara ƙaiƙayi, sannan in buɗe bakin kaɗan-kaɗan ba tare da ƙaiƙayin ya gudu ba. Ƙarfin kuma daga ƙugu yake zuwa, irin yunƙurin da kike yi in za ki ɗauki tulu, ba daga wuya ba. Kuma ba wuni ake yi ana yi ba. Goggo tana gama tatsa mu yi kaɗan, in ta ga na fara gyaran murya sai ta ƙwace ƙwaryar ta ce in je in tsince mata wake.

Jarrabawar ɗaya ce: mai shanu ya ji daga ƙetare. Na yi fiye da wata biyu ina kira, dattijon nan ko waiwayowa bai yi ba. Shanun ma ba su ɗago kai ba. Sai wata safiya, Goggo tana bayan bukka tana shanya, fura ko kirɓawa ba a yi ba, na ɗora ƙwaryata na saki kiran yadda take yi. Na ji shi ya fita ta saman kaina kamar ba ni na yi ba. Can sai na ga sanda ta ɗaga. Dattijo ya juyo, ya ratso fadama yana taku ɗai-ɗai, ya iso, ya jingine sandarsa, ya zauna a kan buzunsa yana jira.

Goggo ta zagayo ta gan shi. Ta dube ni.

"Wa ya kira shi?"

Na tsaya ƙyam, ƙwarya a kaina, ko ɗigo bai zuba ba.

"To madalla. Tunda kin iya kiran mijin mutane, sai ki shiga ki dama masa fura." Ta juya tana dariya ƙasa-ƙasa, sannan ta ƙara da cewa, "Kuma daga yau ki nemi naki kiran. Wannan da mai shi."

Saura aiki ɗaya, shi kuma Goggo ba ta iya taimaka mini ba, don ita ba ta waƙa da kalmomi. Tsakanin rumbun ƙasa da na sama akwai wurin da murya take karyewa, ta yi ƙiƙ kamar ƙofar langa-langa. Mashigi nake ce masa. Waƙar tabarma a ƙasa take farawa, dole ta ratsa ta nan kafin ta kai "ba a naɗe ba". Na koma Karaye na yi watanni a kansa. In taso daga ƙasa a hankali in hau, in sauko, in sake hawa, kamar jiniya. Abin da na gano shi ne, tun kafin ki iso mashigin za ki rage kaya. In kika zo da duk nauyin ƙirji, za ki nutse. Sannan faɗin baki yana karya murya a wurin, sai na koyi tattara leɓe kaɗan a kan "naɗe", in sake su bayan na haye. Kullum da ƙwarya a ka, a bayan ɗakin Umma. Ƙannena sun ɗauka tallan ruwa zan fara.

Da na ji Hajiya Ladidi za ta aurar da autarta, ban jira gayyata ba, don na san ba za ta zo ba. Ranar kasuwar Rogo na hau mota na same ta a rumfarta, tana zaune a kan buhun masara.

"Hajiya, barka da kasuwa."

"Barka kadai. Wa nake gani kamar mai muryar aro?"

"Ni ce. Na ji za a yi bikin auta. Ni zan yi wunin."

"Ikon Allah. Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Ki soka wa buhun ƙarfe, Hajiya. In ƙwayar ba ta yi miki ba, ba sai kin kore ni ba, da ƙafata zan fita."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. "Bakinki dai bai dishe ba. To ki ji. Ba akwati, ba makirfo. Kuma matan da suka ga na farko duk za su zo. Wayata ma za ta zo."

Na je Fulatan na roƙi Goggo ta raka ni. Ta ce in ta tafi biki wa zai kira mai shanu.

Ranar wunin, tsakar gidan nan dai, bayan azahar. Har inda na tsaya wancan karon aka nuna mini. Na san in na faɗi yau, ba sauran biki a ƙasar Rogo ko Karaye da zai kira ni, sai dai in nemi keken ɗinki. Masu kiɗan ƙwarya suka ɗauka. Na fara a ƙasa, da Tirela, don a nan waƙar take farawa. Nan take na ji ƙus-ƙus. "Ita ce dai, ba abin da ya canza." Hajiya ta zaro waya ta riƙe a hannu. Ina tunkarar mashigi sai na ji haɓata tana ɗagawa da kanta, wuyana yana ƙullewa, tsohuwar ɗabi'a ta dawo a gaban mutane.

Na ɗaga hannu na tsayar da kiɗa.

Wata mata tana wucewa da babbar ƙwaryar fura, cike, za ta kai wa dangin ango. Na ce, "Baba, ara mini." Kafin ta gane me nake nufi na cire mayafina na naɗa gammo, na ɗora ƙwaryar a kaina.

Gidan ya ɗauki dariya. Wata ta ce, "Ta koma talla tun kafin a kore ta!"

Hajiya ta ce, "Ke, furar baƙi ce. In ta zube ke za ki dama wata."

"Na iya damu, Hajiya. A ɗauki kiɗa."

Nauyin yana sauka a kaina wuyana ya koma mazauninsa. Na sake farawa daga ƙasa. Juyo ki dubi ɗakin da kika tashi. Na rage kaya, na tattara leɓe, na haye. Tabarmarki na nan ba a naɗe ba. Na ji ƙoƙon kaina yana zizara a ƙarƙashin gammo, sautin ya tashi ya wuce katanga.

Dariya ta tsaya cak. Hajiya ta taso, ta kunna wayar, ta kai ta daidai baitin, ta kara a gefen bakina kamar wancan karon. Na jira yarinyar sarewa ta iso, muka hau tare. A kan "ba" ta ƙarshe ita ta yanke, don iya nan Sabi'u ya ja ta. Ni ban yanke ba. Na riƙe, na lanƙwasa shi irin na Goggo, na ƙara hawa mataki ɗaya da babu shi a wayar, sannan na sauko ta mashigin a hankali har ƙasa, na ajiye shi a muryar da aka kore ni saboda ita.

Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa, sai gidan ya kama. Amarya tana ɗaki, aka ce ta kifa kai a cinyar ƙawarta. Matan maƙwabta da ba a gayyata ba suka cika zaure. Hajiya ta ɗaga ido ta dubi kaina. Ta sa hannu ta sauke ƙwaryar da kanta, ta ɗaga faifan, ta duba gefe da gefe, ta shafa mayafina ta ji a bushe. Sannan ta kashe wayar ta cusa a lalita.

"Jama'a, a saurara. Ni na ce ba ita ba ce, a nan wurin, da bakina. To na janye. Ita ce, har da gyara." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, 'yar nema, kika bari na kwashi zunubinki shekara biyu?"

"Ai lokacin gaskiya kika faɗa, Hajiya. Aro ce. Yanzu na mallaka."

"To maimaita mana. A mayar mata da furar."

Sau huɗu na yi waƙar tabarma a ranar. Dangin ango ba su sha furar nan ba sai bayan la'asar.

Tun daga nan sunana ya koma Zulai Mai Ƙwarya. Yanzu ba na buƙatarta, wuyana ya haddace, amma duk gidan da na je sai uwar biki ta fito da tata, kuma sai ta cika ta har baki don ta gwada ni. Akwai wadda ta kawo mini kunun gyaɗa da zafinsa, na ce ta ɗora wa kanta. Kayan aikina ba su da yawa: filas ɗin ruwan ɗumi, gammo, barci isasshe, da sanin lokacin yin shiru. Ba na waƙa da mura ko wace ce uwar bikin. Ba na ihu a kan lasifika, a rage ta ko in zauna. Zuma kuwa ina sha, don tana da daɗi.

Ku masu turo mini saƙo, ga amsarku gaba ɗaya. Ku nemi ƙwarya, ku cika ta da ruwa, ku sa tsohon zane. In maƙogwaro ya yi zafi, kun ɓata hanya, ku tsaya. In wata ta ce a kira wanzami, ku turo mini ita. Kuma kar wadda ta raina muryarta ta ƙasa, don a kanta ta sama take zama.

Abu ɗaya ne ya rage yana ci mini rai: har yau yarinyar sarewa ce a wayoyin mutane. Na buga wa Sabi'u na ce ya ware mini ranar Asabar. Zan sake ɗaukar waƙar tabarma daga farko, Tirela ta ja baiti, muryar ka ta yi mata amshi, duka biyun nawa. Ya ce kasuwa ba ta saba da haka ba. Na ce kasuwa ta saba da Hajiya Ladidi, kuma Hajiyar ta saya. Ƙwarya biyu zan shiga motar Kano da su. Ɗaya a kaina za ta zauna. Ɗayar kuma zan kife ta a kan linzamin kwamfutarsa, ba zai ɗaga ba sai na gama.